'Yan Aji Ɗaya, Kowa da Hanyarta: Labarin Matan da Aka Bi Sawunsu Shekara 50

 

Duk macen da ta taɓa zaman aji ta san wannan tambaya: "Wai ina wance ta shiga?" Da wuya a haɗu da tsohuwar abokiyar karatu a gidan biki, ko a asibiti, ko a tashar mota, a rabu ba a yi ta ba. Daga nan sai a shiga lissafi. Wance ta zama shugabar makaranta. Wance tana aure a Kaduna, 'ya'yanta shida. Wance aurenta ya mutu, ta koma gidansu. Wance kuwa tun ran da aka yi sallama ba wanda ya sake jin ɗuriyarta. Ana hira ana dariya, amma fa sau da yawa in an watse sai mace ta koma gida jikinta a sanyaye, tana auna kanta da sauran, tana ganin kamar kowa ya wuce ya bar ta.

Wannan awo da muke yi wa kanmu shi ne abin da nake so mu tattauna yau. Don kada maganar ta zama ta fatar baki kawai, zan ba ku labarin waɗansu 'yan aji ɗaya na wata kwalejin mata a ƙasar Amurka, waɗanda masana suka bi sawunsu tun suna 'yammata har suka yi furfura, suna rubuta abin da ya sami kowacce wajen aure, da haihuwa, da aiki, da lafiya, da kwanciyar rai. Abin da aka gano a tare da su ya nuna cewa matsayin da mace take kai a shekara 27 bai isa a yanke mata hukunci da shi ba, ko da ita ce mai yanke wa kanta.

KWALEJIN MILLS

A birnin Oakland, cikin jihar Kalifoniya ta yammacin Amurka, akwai wata tsohuwar kwaleji da ake kira Mills. Asalinta makarantar 'yammata ce da aka kafa tun 1852, ta kuwa ci gaba da ɗaukar mata zalla a karatun digirin farko har zuwa 2022, lokacin da aka haɗe ta da Jami'ar Northeastern.

Cikin 1958 wata malama masaniyar halayyar ɗan Adam, mai suna Ravenna Helson, ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta nemi 'yan ajin ƙarshe na wannan kwaleji su amsa mata waɗansu tambayoyi a rubuce. Ta sake yin haka da 'yan ajin ƙarshe na 1960. Duka-duka 'yammatan da suka shiga sun kai kimanin 140, yawancinsu kuwa shekarunsu 21. An tambaye su halayensu, da irin gidan da suka taso, da abin da kowacce take burin zama. Da fari abin da malamar take so ta gane shi ne yadda basira da ƙirƙira suke a wurin mata, domin a zamanin nan yawancin irin wannan bincike a kan maza ake yin sa.

To, abin bai tsaya nan ba. Aka sake neman matan nan suna da shekara 27. Aka kuma nemo su cikin 1981 suna da shekara 43, da 1989 suna da 52, da 1998 suna da 61, sa'an nan aka sake komawa gare su da suka kai wajen shekara 70. Kowane karo sai su amsa tambayoyi masu tsawo game da gidajensu, da ayyukansu, da yadda suke ji a ransu.

Ga dalilin da ya sa wannan aiki yake da daraja. In kika tambayi tsohuwa yadda take sa'ad da take budurwa, abin da ta tuna za ta faɗa miki, tunani kuwa yakan yi wa labari kwaskwarima, ya share wani wuri ya ƙawata wani. Amma su waɗannan mata, abin da kowacce ta faɗa tana da shekara 21 yana nan ajiye a rubuce, ana iya ɗauko shi a jera da abin da ta faɗa tana da 43 ko 52, a ga inda ta sake da inda take nan yadda take.

AGOGON DA BA A RATAYE SHI A BANGO BA

Wata masaniya ta Jami'ar Shikago, Bernice Neugarten, ta yi bayanin cewa kowace al'umma tana da wani agogo nata wanda ba a ganinsa da ido. Shi ne yake faɗin shekarun da ya kamata a ce mutum ya yi aure, ya haihu, ya kama sana'a, ya aurar da 'ya'ya. Wanda ya makara ba ƙararrawa yake ji ba, a bakin mutane yake jin sa. Mu ma nan mun san muryar wannan agogo sarai: "Yaushe za mu sha biki?" "Har yanzu shiru?" "Ke ba ki sami aikin ba tukuna?"

A Amurka ta wancan zamani agogon mata da sauri yake tafiya. Cikin 1960, rabin matan ƙasar sukan yi auren fari ba su wuce shekara 20 da 'yan watanni ba. Claudia Goldin, farfesar Jami'ar Harvard wadda ta sami lambar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2023 saboda nazarin aikin mata, ta nuna cewa matan da suka gama jami'a daga wajen 1946 zuwa tsakiyar shekarun 1960, tsarin yawancinsu shi ne iyali tukuna, aiki daga baya. Da yawa sukan yi karatun malanta don su ajiye takardar, in yara sun tasa su ɗauko ta. 'Yammatan Mills a wannan sahu suke. Sa'ad da aka tambaye su suna ajin ƙarshe, kusan dukkansu aure da 'ya'ya suka sa a gaba.

Cikin 1984 Helson da abokan aikinta suka bayyana yadda matan suka yi da wannan agogo. Kashi na farko, su ne mafi yawa, sun bi agogon gida, watau aure da haihuwa tun ba su yi nisa cikin shekarunsu na ashirin da wani abu ba. Kashi na biyu, 'yan kaɗan, sun bi agogon da a lokacin ake ganin na maza ne, watau kama aiki gadan-gadan da neman ɗaukaka a cikinsa. Kashi na uku kuwa har suka doshi shekara 30 ba su kama ko ɗaya ba, babu aure, babu kuma wani aiki da suka riƙe da gaske.

Kowace hanya da zaƙinta da ɗacinta. Waɗanda suka haihu da wuri sun ƙaru da haƙuri, da kamun kai, da sanin nauyin da ke kansu, da tausayi. Amma a daidai wannan lokaci yardarsu da kansu ta ragu, suka riƙa jin kamar ba su da wani ƙarfi. Duk mai goyo ta san dalili ba sai an faɗa mata ba. Yarinyar da jiya ake kiran sunanta a gaban aji ana yaba mata, yau ga ta da wankin tsumma da tashin dare, ba mai ba ta maki, ba mai ce mata madalla. Waɗanda suka bi aiki kuwa sun ƙaru da dogaro da kai da iya tsayawa a gaban mutane su faɗi ra'ayinsu. 'Yan kashi na uku su ne abin ya fi yi wa nauyi, domin an same su da shakkar kansu, da kaɗaici, da ganin kamar ba abin da za su iya.

Da a ce a nan aka rufe littafi, da sai a ce an gama sanin wadda ta ci da wadda ta faɗi. Amma Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

SHEKARA 43

Tsakanin neman da aka yi musu suna da shekara 27 da wanda aka yi a 1981, ƙasarsu ta sake ƙwarai. Cikin 1963 aka yi dokar da ta ce a biya mace da namiji albashi ɗaya in aikinsu ɗaya ne. Cikin 1964 aka yi wata wadda ta hana a ƙi ɗaukar mutum aiki don kawai mace ce. Ƙofofin karatun likita da na lauya da sauran manyan ayyuka, waɗanda a da ƙyar mace take samun shiga, suka fara buɗewa. Yaran matan Mills kuma sun tasa sun shiga makaranta. Da yawa daga cikinsu suka koma karatu, da yawa suka kama aiki, waɗansu aurensu ya mutu, waɗansu suka sake wani.

Da aka gwada amsoshinsu na shekara 43 da na shekara 27, sai aka ga yawancinsu sun ƙaru da yarda da kai, da tsayawa da ƙafafunsu, da iya shawo kan matsala in ta taso. Abin lura a nan shi ne wannan ƙaruwa ba ta tsaya ga masu hanya ɗaya ba. An gan ta wurin masu aikin ofis, an gan ta wurin masu iyali. Inda ta fi bayyana shi ne wurin matan da suka riƙi wani abu da hannu biyu, ko gida ko aiki ko duka biyun. Inda ta yi ƙaranci kuwa shi ne wurin waɗanda ba su ɗauki nauyin komai ba. Ashe ɗaukar nauyi da jure masa shi ne yake gina mace, kowane iri ne nauyin.

Har wa yau an ga wani abu. 'Yammatan da suka fi kowa natsuwa da kwanciyar hankali a ajin ƙarshe, yawanci su ne suka bi hanyar da aka saba, ta aure da zaman gida. Amma a shekara 43 wannan rata ta ɓace, sauran sun kamo su. Har ma an ga alamun raguwar kuzari da lafiya a tare da waɗansu daga cikin waɗanda suka tsaya ga hidimar gida kaɗai, ba su da wani abu nasu na kansu. Kada a ɗauka wannan suka ce ga zaman aure. Abin da yake nunawa shi ne, ran da yara suka daina bukatar uwa dare da rana, ita ma tana bukatar wani wuri da za ta zuba basirarta.

Matan da kansu sun faɗi cewa wajen shekara 40 lokaci ne na damuwa da yawan tunani, lokacin da mace takan tsaya ta dubi bayanta ta dubi gabanta, ta tambayi kanta ko hanyar da take kai ita ce take so. Wadda duk ta sami kanta cikin irin wannan hali, ta sani ba ita kaɗai ba ce, kuma ba alamar lalacewa ba ce.

SHEKARA 52

A nan ne labarin ya ba mutane mamaki. An saba ɗauka cewa mace in ta ba hamsin baya, al'ada ta ɗauke, 'ya'ya sun watse, to, sai zaman jiran tsufa. Amma da aka koma wurin matan nan a 1989, sai aka tarar sun rage dogaro da wasu, sun rage ganin laifin kansu, sun ƙaru da ƙarfin zuciya da iya yanke shawara ba tare da jan ƙafa ba. An bincika ko ɗaukewar al'ada, ko tashin yara daga gida, ko jinyar iyaye tsofaffi su ne suka kawo wannan sauyi, sai aka ga ya sami wadda waɗannan abubuwa suka same ta da wadda ba su same ta ba tukuna.

Kafin wannan, cikin 1983, an tambayi tsofaffin ɗaliban kwalejin kimanin 700, daga mai shekara 26 har zuwa mai 80, yadda kowacce take ganin zamanta a lokacin. Waɗanda suka fi kowa cewa zamansu ya kai yadda ake so su ne masu shekara 50 da 'yan kai. Sun fi 'yammata faɗin haka, sun fi amare, sun fi masu goyo.

Wajen aure ma haka. Wani nazari da aka fitar a 2008 ya duba amsoshin matan a shekara 43, da 52, da 61, ya ga jin daɗin aurensu ƙaruwa ya yi da tafiyar shekaru, musamman bayan yara sun girma sun bar gida. Da aka bi diddigi, sai aka ga ba yawan lokacin da mace take samu tare da maigida ne ya kawo haka ba, daɗin da take ji na zaman ne ya ƙaru. Hirar da a da ba ta wuce kuɗin makaranta da ciwon yaro ba, yanzu ta sami sarari.

HALI DA HOTO

'Yan makaranta, ga naku. Cikin 2011 aka ɗauko halayen da aka auna na matan nan tun suna kwaleji, aka jera su da tarihin aikinsu na shekara 50. Halaye uku aka duba: kula da tsare aiki, son shiga mutane, da son sanin sabon abu. A shekarunsu na ashirin da wani abu, waɗannan halaye ba su nuna komai game da aiki ko ƙarin karatu ba, domin a lokacin hanya ɗaya jama'a suka shata wa kowa, mai ƙwazo da mai sanyin jiki duk ita suka bi. Amma da zamani ya sake, dama ta samu, sai halin kowacce ya fito fili. Shi ya nuna lokacin da ta kama aiki, da irin aikin da ta zaɓa, da matsayin da ta kai, har da rufin asirinta bayan ta tsufa. Watau halin da yarinya ta gina a makaranta yana iya kwanciya shekara goma ko ashirin kamar iri a ƙasa lokacin rani, ran da ruwa ya sauka ya tsiro.

Akwai kuma wani nazari mai ban sha'awa da waɗansu masana biyu, LeeAnne Harker da Dacher Keltner, suka fitar a 2001. Sun ɗauko littafin hotunan 'yan ajin ƙarshe na kwalejin, suka duba fuskar kowace yarinya. Kusan duka suna murmushi, amma akwai murmushin leɓe kawai, akwai kuma wanda yake kaiwa har ga idanu. Suka ga waɗanda fara'arsu ta fi bayyana a hoton sun fi samun aure kafin shekara 27, sun kuma fi faɗin jin daɗin aurensu da zamansu bayan shekara 30 da ɗaukar hoton. Sun bincika ko kyaun fuska ne ya jawo haka, suka ga ba shi ba ne. Mu dai da ma mun san labarin zuciya a tambayi fuska. Sai dai kada wata ta je ta ɗauko tsohon hotonta ta shiga damuwa, domin wani nazari da aka yi a 2007 a kan hotunan ɗaliban sakandare masu yawa ƙwarai na jihar Wisconsin bai sami irin wannan dangantaka ba. Hoto ɗaya ba ya ɗauke da rabon mutum.

DA-NA-SANI IRI BIYU CE

To, wadda ta kai tsakiyar shekarunta ta ga akwai abin da ya wuce ta fa? Wannan tambaya waɗansu masana biyu mata, Abigail Stewart da Elizabeth Vandewater, suka amsa cikin 1999. Su ba matan Mills suka duba ba, waɗansu rukuni biyu ne na matan Amurka da suka gama jami'a cikin shekarun 1960. An tambaye su suna wajen shekara 36 ko 37 ko akwai abin da za su sake da za a mayar da su baya. Da yawa suka ce akwai, abin da suka fi ambata kuwa shi ne karatun da suka katse ko aikin da ba su nema ba.

Bayan shekaru aka sake komawa gare su, sai aka tarar sun kasu uku. Akwai waɗanda da ma ba su da wata nadama. Akwai masu nadamar da suka tashi suka yi wani abu a kai, suka koma makaranta ko suka kama sana'a. Akwai kuma masu nadamar da suka zauna da ita. 'Yan kashi na ƙarshen nan su ne suka fi kowa ƙarancin kwanciyar rai. Waɗanda suka tashi suka gyara kuwa sun fi su nesa ba kusa ba.

Wani zai ce ai wataƙila waɗanda suka zauna ɗin matsalolinsu ne suka fi yawa. An duba wannan, ba a ga alamar cewa shingen da ke gabansu ya fi na sauran tsawo ba. Bambancin da aka gani shi ne sun fi yawan saƙe-saƙe, suna tufka suna warwara, kuma ba su yarda cewa za su iya ba. Har ila yau binciken ya nuna nadama takan sa mace ta ƙudura niyya, amma ita kaɗai ba ta kai ta ga aikatawa. An ce da-na-sani ƙeya ce. Gaskiya ne, amma akwai wadda takan tsaya a ƙeya tana ciwo shekara da shekaru, akwai kuma wadda takan tura mai ita gaba.

MU FA?

Dole a faɗi gaskiya, matan Mills ba mu ba ne. Su 'yan kaɗan ne, kusan dukkansu Turawa, yawancinsu daga gidajen masu hali, kuma a zamaninsu da ƙasarsu suka yi rayuwarsu. Agogonmu daban yake bugawa. A wurinmu yarinya takan yi aure kafin ta kai ko shekarun shiga kwaleji, haihuwa takan yi yawa, gida kuma ba ya cika zama fayau, domin kafin auta ya tashi jikoki da 'ya'yan riƙo sun iso. Saboda haka ba za mu ɗauki awonsu mu ɗinka rigarmu da shi ba. Amma akwai darasi uku da nake gani sun shafe mu.

Na farko naki ne, 'yar makaranta. Yawancin matan nan sun ajiye takardunsu shekara da shekaru suna renon yara, amma da lokaci ya yi sun sami abin da za su ɗauko, domin sun gama karatun kafin su ajiye. Wadda ta fita a aji biyu ko uku, ran da dama ta zo sai ta koma farko. In aure ya zo miki kina tsakiyar karatu, ki roƙi iyayenki a yi maganar ƙarasa shi tun kafin a ɗaura, a gaban manya, kowa ya ji. Kuma ki riƙe halin kirki na aji, watau zuwa a kan lokaci, gama aikin da aka ba ki, da yin tambaya in ba ki gane ba. Su ne za su bi ki har inda takardar ba ta kai ba.

Na biyu namu ne, mu da muke tsakanin goyo da girki. Ni mai wannan rubutu malamar makaranta ce, shekaruna kuwa ba su wuce na matan nan ba sa'ad da aka fara komawa gare su, lokacin da masu goyo a cikinsu suka fi jin ba su da ƙarfi. In kina jin haka yau, ki sani wannan mataki ne, an ga waɗanda suka taka shi suka wuce. Haƙurin da kike koyo, da iya raba hankali wuri biyar a lokaci ɗaya, da lallashin mai kuka, duk ba asara ba ne. Kawai kada ki bari alƙalami ya bar hannunki ɗungum. Ki karanta jarida, ki duba littattafan yaranki tare da su, ki riƙe wata 'yar sana'a ko da ta cikin gida ce.

Na uku na yayyenmu da iyayenmu ne, waɗanda suka kai arba'in suna cewa da ma. Hanyoyin komawa suna nan. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana ba malamai damar ƙara karatu suna bakin aikinsu, abin da ya zama tilas ga masu takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, tun da yanzu takardar NCE ce mafi ƙanƙantar shaidar da hukuma ta amince a koyar da ita. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana da cibiyoyin karatu a jihohi, mace tana ɗakinta tana neman digiri. Wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ko ta fita tun tana firamare, akwai azuzuwan yaƙi da jahilci na hukumomin ilmin manya, irin wadda Jihar Kano ta kafa tun 1980. Abin da ake bukata shi ne a mayar da "da ma" ta zama aiki ƙarami guda ɗaya na wannan mako: a tambayo ranar sayar da fom, a nemo tsohuwar takardar sakamako a ƙasan akwati, a zauna da maigida a yi shawara cikin ladabi da fahimta. Gemu ba ya hana ilmi, furfura ma haka.

Ku kuma iyayenmu maza da mazajenmu, mun san kuna leƙa wannan fili ko da ba ku faɗa ba. Matar da aka bari ta ƙara ilmi, gidanka za ta fara amfana da shi, 'ya'yanka ne ɗalibanta na farko.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, in za mu nemi labarin abokan karatunmu, mu neme shi don zumunci da taimakon juna. Wadda ta yi gaba a aiki ta sanar da ta baya inda ake ɗaukar ma'aikata. Wadda ta iya sana'a ta koya wa wadda mijinta ya rasu. Wadda Allah bai ba haihuwa ba, ko aure bai zo mata ba tukuna, kada bakinmu ya zama shi ne agogon da zai hana ta barci. Yatsun hannu ma ba tsawonsu ɗaya ba, kowanne kuwa da aikinsa.

Wadda duk ta koma karatu bayan aure da haihuwa, muna roƙonta ta rubuto wa wannan fili yadda ta yi, da wahalar da ta sha, da dabarar da ta fisshe ta, don wata ta karanta ta sami ƙarfin gwiwa. Sai mun ji daga gare ku. Allah ya bar zumunci, amin.